Wa Ya Auna? Raddi ga Masu Fatawar "Wannan Kwamfaila Ya Fi Gudu"

 

Yau gonar kwamfuta za mu shiga, kuma faɗa muka zo yi. Abokan faɗan namu su ne mutanen nan da suka cika intanet da fatawa a kan injinan buga darar ces. Wannan ya ce kwamfailan GCC ne sarki. Wancan ya ce Clang ya daɗe da binne shi. Wani ya ce duk wanda bai sa -O3 ba bai san aiki ba. Wani kuma ya ɗora hoton fuskar kwamfutarsa da wata doguwar lamba, ya rubuta a ƙasa cewa ga Stockfish mafi gudu a duniya, kowa ya zo ya sauke. Daga nan sai wasu masu rubutun fasaha da Hausa su kwaso maganar ɗanya, su juya ta, su miƙa wa mai karatu a matsayin ilimi. Tambayarmu gare su duka guda ɗaya ce: wa ya auna, kuma da wane mudu?

Mu fara share fage

Wanda bai san kan zancen ba, ga shi a taƙaice. Injin ces manhaja ce da ke duba yadda 'ya'yan wasa suke jere a kan allo, ta yi ta hasashen "in na yi kaza zai yi kaza" har ta zaɓi motsi. Wanda ya fi shahara a yau shi ne Stockfish. Asalinsa wani inji ne mai suna Glaurung da Tord Romstad ɗan ƙasar Norwe ya rubuta, sai Marco Costalba ɗan Italiya ya ɗauka ya ci gaba da shi a 2008, Joona Kiiski na Finlan ya shigo. Sunan ma na busasshen kifin nan ne da ake kawowa Najeriya daga Norwe, wanda 'yan uwanmu na kudu ke zubawa a miya. Sun zaɓe shi ne don a Norwe ake busar da kifin, a Italiya kuma ake dafa shi. Kyauta ne, kuma rubutunsa a buɗe yake, kowa na iya karantawa.

An rubuta shi da harshen C++, harshen da mutum ke iya karantawa amma firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ta jin ko kalma ɗaya a ciki. Dole sai da tafinta a tsakani. Wannan tafintan shi ne kwamfaila: ya ɗauki ɗanyen rubutu ya mayar da shi dafaffen shiri da na'ura za ta iya gudanarwa. Manyan tafintocin su ne GCC, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, da Clang, wanda ya tsiro daga aikin LLVM da Chris Lattner ya fara a Jami'ar Illinois a 2000, da na kamfanin Microsoft, da na kamfanin Intel. Kowane ɗaya yana da saituna da ake gaya masa iya ƙoƙarin da zai yi wajen tace fassarar don ta yi gudu, irin su -O1, -O2 da -O3 a GCC da Clang.

Mu marubuta mun fi kowa sanin cewa mafassara biyu ba sa fitar da jimla iri ɗaya daga asali ɗaya. Don haka babu musu cewa kwamfaila biyu za su fitar da shiri biyu masu bambancin gudu. Musun yana kan abin da ake ginawa a kan wannan gaskiya, kuma ƙarairayi uku muka gani a jere.

Ƙarya ta farko: lambar gudu ita ce ƙarfi

Lambar da ake ta cika baki da ita ita ce yawan matsayin wasa da inji ke dubawa a sakan guda. Masu bauta mata suna da tarihin da suke jingina da shi, kuma adalci ne mu faɗe shi. A farkon shekarun 1980 Ken Thompson na Bell Labs ya sa injinsa Belle ya kara da kansa, ɓangare ɗaya na hangen motsi guda fiye da ɗayan, ya ga kowane ƙarin zurfi yana kawo wajen maki 200 a ma'aunin Elo. A 1997 kuma Deep Blue na IBM ya doke Garry Kasparov da 3½ da 2½ a birnin Niyok, yana duba wajen matsayi miliyan 200 a sakan. Tun daga ranar lambar ta zauna a kan mutane.

To, mu ci gaba da karanta tarihin, kada mu tsaya inda ya yi mana daɗi. A 2006, a birnin Bon na Jamus, Deep Fritz ya doke zakaran duniya Vladimir Kramnik da 4 da 2, a kan kwamfutar da ake iya saya a kasuwa, yana duba wajen matsayi miliyan 8 kacal. A 2009 manhajar Pocket Fritz 4, a cikin wayar hannu, ta lashe gasar Copa Mercosur a Ajantina da maki 9½ cikin 10 a tsakiyar ƙwararru, tana duba ƙasa da matsayi dubu 20 a sakan. A ƙarshen 2017 kamfanin DeepMind ya sanar da cewa AlphaZero, mai duba wajen dubu 80 a sakan, ya kara wasa 100 da Stockfish 8 mai duba wajen miliyan 70, ya ci 28, aka yi canjaras 72, bai faɗi ko ɗaya ba. An soki sharuɗɗan wannan karawa, kuma sukar tana da hujja. Duk da haka tazarar lambobin biyu ta kusa ninki dubu, kuma mai ƙaramar lambar ne ya ci.

Babbar shaida kuwa daga cikin gidan Stockfish kansa ta fito. A 2020 suka karɓi dabarar NNUE, wata ƙaramar ƙwaƙwalwar koyo da Yu Nasu ya ƙirƙira a Japan a 2018 don darar shogi, Hisayori Noda ya dasa ta a ces. Da suka saka ta, gudun injin ya faɗi zuwa wajen rabi. Stockfish 12 da ya fita a watan Satumba na shekarar ya fi wanda ya gabace shi nawa a lamba, ya kuma yi masa fintinkau a kan allo. Da masu bautar lamba ne ke riƙe da aikin, da sun mayar da wannan gyara inda ya fito. Inji mai duban matsayi miliyan goma marasa amfani, da wanda ya san dubu ɗarin da suka cancanci dubawa, kamar mai neman allura ne da ya kwashe yashin tsakar gida duka, da wanda ya tuna inda aka zauna aka yi ɗinki.

Akwai kuma wani abu. Kowane inji da yadda yake kirga nasa matsayin, don haka kwatanta lambar wannan da ta wancan kwatanta tiyar Dawanau ce da kwanon awon wani gari. Ko a inji ɗaya, idan aka ninka ƙwayoyin firosesa da yake aiki da su, lambar takan kusa ninkawa, amma ƙarfin ba ya ninkawa, domin ƙwayoyin sukan yi ta maimaita aikin juna. Wuri ɗaya ne lambar ke da ma'ana: rubutu ɗaya, na'ura ɗaya, ƙwaya ɗaya, matsayi iri ɗaya. Da an taɓa ɗaya daga cikin huɗun nan, awo ya ɓaci.

Ƙarya ta biyu: akwai kwamfailan da ya fi a ko'ina

Duk wanda ya ce maka "GCC ya fi Clang" ya yi shiru a nan, rabin jimla ya ba ka. Wane GCC, na wace shekara? Wane Stockfish? A kan wace firosesa? A Windows ko Linux? Kowace shekara tafintocin nan suna fitar da sabon zubi, wanda ke gaba bana yana iya komawa baya baɗi, kuma rubutun injin da kansa yana sauyawa kusan kowane mako. Sakamakon da aka samu kafin zuwan NNUE ma ya zama tsohon zance, domin aikin da injin ke kashe lokaci a kansa ya canza gaba ɗaya.

Ga misalin da ya isa ya rufe bakin kowa. Allon ces gida 64 ne, firosesar zamani kuma tana sarrafa lamba mai gurbi 64 a lokaci ɗaya, don haka injina kan ajiye allo a cikin irin waɗannan lambobi, kowane gida da gurbinsa a kowace lamba. Akwai wani umarni a firosesa mai suna PEXT, cikin rukunin BMI2 da Intel ta kawo a 2013, wanda ke sauƙaƙa gano inda giwa da ganuwa da sarauniya za su iya kaiwa. A firosesar Intel wannan umarni kamar ƙiftawar ido yake. A firosesar AMD ta zubin Zen da Zen 2 kuwa, umarnin yana nan, yana kuma ba da amsa daidai, amma rarrafe yake yi, domin ba a gina masa hanyarsa ta kansa a jikin na'urar ba. Sai a Zen 3, a ƙarshen 2020, aka gyara. Sakamakon shi ne dafaffen shiri guda, wanda ya fi gudu a kwamfutar Malam Wane, shi ne ke jan ƙafa a ta maƙwabcinsa. Shi ya sa masu Stockfish suke fitar da zubi daban-daban, suna gaya wa masu waɗancan firosesoshi su guji na BMI2. Haka umarnan AVX-512: a takarda sun ninka AVX2 faɗi, amma a wasu firosesoshin Intel kunna su kan sa na'urar ta rage gudunta don kada ta yi zafi, sai ribar ta zube a hanya.

Sannan tafinta ma yana da ubangida. Wani masani ɗan Denmak, Agner Fog, ya daɗe yana bayyana cewa shirin da kwamfailan Intel ya dafa yakan duba sunan kamfanin da ya ƙera firosesa, in ba Intel ba ce ya bi da ita ta hanya mai nawa ko da tana iya bin mai sauri. Maganar ta kai gaban hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, wato FTC, kuma a sulhun da aka yi a 2010 an wajabta wa Intel ta bayyana wa masu rubuta manhaja cewa kwamfailanta yana bambanta firosesarta da ta wasu. Yanzu ku ɗauka wani ya gwada wannan kwamfaila a kan AMD a wancan lokaci ya ce ba ya gudu, wani ya gwada a kan Intel ya ce babu kamarsa. Dukansu sun faɗi abin da suka gani, dukansu kuma sun ɓatar da wanda ya saurare su, domin babu wanda ya faɗi a kan me ya gwada.

Ƙarya ta uku: uku ta fi biyu, don haka -O3 ya fi -O2

Wannan ita ce ta fi yaɗuwa domin ta fi sauƙin haddacewa. Me -O3 yake yi? Yana ba kwamfaila izinin ƙarin dabaru. Maimakon ya aika a kira wani ɗan aiki daga wani wuri, sai ya kwafo shi ya liƙa a inda ake buƙata. Maimakon ya ce "yi kaza sau takwas", sai ya shimfiɗa umarnin a jere. Wani lokaci wannan yana kawo gudu. Wani lokaci shirin yakan kumbura har ya fi ƙarfin ɗan ƙaramin rumbun da ke jikin firosesa, sai ta koma ɗebo umarni daga nesa, riba ta zama asara. Stockfish kansa da -O3 ake dafa shi, don haka ba mu ce saitin mugu ba ne. Abin da muka ce shi ne lambar da ke jikinsa ba alkawari ba ce.

Masana sun bi wannan magana da awo. A 2009 Todd Mytkowicz da abokan aikinsa suka fitar da wani bincike da ya girgiza masu wannan fanni. Sun nuna cewa abubuwan da kowa ke ɗauka ba su da tasiri, kamar jerin da aka bi wajen haɗa fayiloli, ko girman bayanan muhalli da tsarin kwamfuta ke miƙa wa shiri idan zai tashi, suna iya sauya inda abubuwa ke zama a ƙwaƙwalwa, har su sa -O3 ya yi kamar ya fi -O2 a wannan gwaji, ya yi kamar ya kasa shi a wancan. Suka duba muƙalu 133 daga manyan tarukan masana, ba su sami ko ɗaya cikin masu gwaji da ta kula da wannan matsala yadda ya kamata ba. A 2013 Charlie Curtsinger da Emery Berger na Jami'ar Massachusetts suka ƙera wata manhaja mai suna Stabilizer da ke ta sauya wurin zaman abubuwa yayin gwaji don a kawar da sa'a. Da suka auna da LLVM a kan jerin manhajojin gwaji na SPEC, sun ga -O2 ya fi -O1 a fili, amma bambancin -O3 da -O2 bai wuce hayaniyar awo ba.

In furofesoshi da ɗakunan gwajinsu masu sanyi sun zame a nan, ina ga wanda ya gwada sau ɗaya a kan laftof ɗin gwanjo? Mu da ke wannan yanki mun san abin da zafin watan Afrilu ke yi wa na'ura. Gwajin farko a yi shi tana da sanyi, na biyu a yi fanka na kuka, firosesa ta rage gudu don ceton kanta, sai a ɗora laifin a kan kwamfaila na biyu. Ko a ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji, laftof ta koma kan batir ta shiga tattali. Ko a bar burauza a buɗe da shafuka goma. Duk waɗannan suna iya motsa lambar fiye da bambancin da ake nema. Mai awon hatsi da ya bubbuge gindin mudunsa ya san abin da ya yi. Wannan kuwa bai ma san mudunsa a lotse yake ba, kuma shi ne ya fi ɗaga murya.

Mu yi lissafi

Mu ɗauka an yi komai daidai, kwamfaila ɗaya ya fi ɗaya gudu da kashi 5 cikin ɗari. Me aka samu? Tsohon ƙiyasin masu wannan sana'a shi ne ninka gudu yakan kawo maki 50 zuwa 70 na Elo, kuma a injinan yau, idan lokacin wasa ya yi tsawo, ribar takan ragu domin yawancin wasanni canjaras suke ƙarewa. Sai an jera ƙarin kashi 5 sau 14, ɗaya a kan ɗaya, kafin gudu ya ninka. Ke nan kashi 5 bai wuce maki 4 ko 5 ba. Tazarar maki 5 kuwa tana nufin a wasa dubu, wannan ya tashi da wajen 507, wancan da 493. Wanda ya sa su kara wasa 20 a daren Asabar ya zo ya ce ya gano gwani, bai bambanta da mai jefa kwabo sama ba.

Ku duba yadda masu abin suke yi. Tun 2013 suna da wani tsari mai suna Fishtest da Gary Linscott ya gina, inda masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban ke ba da aron kwamfutocinsu. Duk wanda ya kawo gyaran da ya ce zai ƙara ƙarfi, komai sunansa, sai an sa sabon ya kara da tsohon a dubban wasanni, sau da yawa dubun-dubata. Da farko gajere, sakan 10 da ɗan ƙari a kowane motsi, in ya tsallake a sake da mai sakan 60. Wata dabarar ƙididdiga da Abraham Wald ya ƙirƙira a zamanin yaƙin duniya na biyu ita ke yanke lokacin da shaida ta isa. Gyare-gyare da yawa masu kyau a ido suna mutuwa a nan, ba a kuma yi musu zaman makoki.

Suna da wani hatimi kuma da ya kamata kowa ya sani. A cikin injin akwai umarnin "bench", wanda ke sa shi ya bi wasu sanannun matsayi zuwa wani zurfi da ƙwaya ɗaya, a ƙarshe ya faɗi jimillar abin da ya duba. Wannan jimilla dole ta zama ɗaya ko da wane kwamfaila aka dafa, ko da wane saiti. Lokaci ne kaɗai ke da izinin sauyawa. In jimillar ta bambanta, to ko an taɓa rubutun ko tafinta ya yi kuskure, kuma abin da ke hannunka wani inji ne daban. Mai tallar "mafi gudu a duniya" da bai nuna maka wannan jimilla ba, bai ma tabbatar maka cewa kaya ɗaya ake aunawa ba.

To gudu banza ne ke nan?

Mun san za a yi mana wannan tambaya a ƙasa, don haka ga amsa tun yanzu: a'a. A gasar injina irin TCEC, inda manya ke rabuwa da tazara kaɗan, maki biyar dukiya ne, kuma daga irin waɗannan ƙananan tsintuwa Stockfish ya tara ƙarfinsa. Da yayyafi kogi kan cika. Abin da muke ƙi shi ne a juya jerin muhimmanci a kife. Dabarar bincike da ta auna matsayi su ne kan gaba nesa ba kusa ba. Sai dacewar shiri da firosesar da ke gabanka: NNUE yana cin moriyar AVX2 sosai, kuma wanda na'urarsa ke da shi amma yake amfani da zubin tsofaffin na'urori ya bar gudu mai yawa a ƙasa. Sai dahuwa sau biyu, wadda ake kira PGO: a dafa shirin da farko da 'yan kirge a ciki, a bar shi ya yi wasa a ga hanyoyin da ya fi bi, sannan a sake dafawa da wannan sani, kamar mai shago da ya lura da kayan da aka fi tambaya ya dawo da su bakin kanta. Sai LTO, wanda ke ba kwamfaila damar ganin fayilolin duka a haɗe. Waɗannan duk suna cikin tsarin dahuwar Stockfish tun tuni, umarni ɗaya ne, "profile-build". Sunan kwamfaila da sauran saitunan da ake ta yi wa kirari a bayan waɗannan suke zuwa.

Wanda ke shakka ya tuna asmFish. Mohammed Li ya zauna ya sake rubuta Stockfish da hannu a harshen na'ura kai tsaye, ba tare da dogaro da dabarar wani kwamfaila ba, kuma ya fi na asali gudu. Aiki ne na gwaninta da ya cancanci jinjina. Amma duk gyaran da aka yi a uwar gida sai an sake saƙa shi da hannu, uwar gida kuwa ba ta tsaya jira ba. A kwana a tashi na asalin, mai ƙarancin gudu, ya wuce shi ya bar shi. Sauri ya haifi nawa.

Batun amana

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi damunmu. Wanda ya ba ka dafaffen shiri ya ce ka sauke, amana ya nema daga gare ka. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne ya dafa da saitin da ke ɗinka shirin daidai jikin firosesarsa, kai kuma taka ta girmi 2013, ka buɗe ya faɗi nan take, bayan ka ƙona data. Mafi muni kuwa, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Ken Thompson ɗin nan na Belle, a jawabinsa na karɓar lambar yabo ta Turing da aka buga a 1984, ya nuna cewa ana iya ɓoye mugun abu a cikin kwamfaila kansa, ya riƙa dasa shi a shirye-shiryen da yake dafawa alhali rubutunsu tsaf yake. In tafinta na iya cin amana, ina ga baƙon da ba ka san sunansa ba?

Shi ya sa lasisin GPL da Stockfish ke ƙarƙashinsa ya wajabta cewa duk wanda ya raba dafaffe ya ba da hanyar samun ɗanye. Wannan sharaɗi yana da haƙora. A watan Fabrairun 2021 kamfanin ChessBase na Jamus ya fitar da Fat Fritz 2 a kan kuɗi wajen Yuro 100, aka gano Stockfish ne da 'yan sauye-sauye. A watan Yuli masu Stockfish suka kai ƙara kotu a Jamus, a Nuwamban 2022 aka yi sulhu wanda ya haɗa har da Houdini 6, kamfanin ya yarda ya dakatar da sayar da kayan da aka gina a kan Stockfish na tsawon shekara guda, ya kuma sanar da masu sayen kayansa hakkinsu. Mutane sun biya kuɗi a kan abin da ke zube kyauta, domin an gaya musu ya fi, kuma ba su da mudun da za su auna.

Abin da muke nema daga masu alƙalami

Rubutun fasaha da Hausa yanzu yake tasowa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai karanta Turanci in an yi masa ƙarya yana da shafuka ɗari da zai je ya bincika. Mai karanta Hausa kaɗai sau da yawa abin da muka rubuta shi ne na farko kuma na ƙarshe da zai gani a kan batun. Wannan nauyi ne, kuma ba a kan ces kaɗai ya tsaya ba. Gobe waya ce, jibi batirin sola ne, gata maganin gona.

Don haka duk wanda zai rubuta mana cewa wannan ya fi wancan gudu, ya faɗi zubin injin da na kwamfaila, ya faɗi sunan firosesa, ya nuna jimillar "bench" ta zo ɗaya. Ya maimaita gwajin sau da yawa, yana karɓa-karɓa tsakanin biyun, na'ura a jone da wuta, ya gaya mana mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da ya samu. In tazarar da ke tsakanin gwajin farko da na biyar na shiri ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin shirye-shiryen biyu, ya yi ƙarfin halin rubuta cewa bai ga bambanci ba. Wannan ma sakamako ne, kuma ya fi fatawa goma daraja. In kuwa daga wani wuri ya kwaso maganar, ya faɗi wanda ya auna da shekarar da aka auna.

Wanda ke da ja, fili a buɗe yake a ƙasa, kuma za mu ji daɗin a kayar da mu da hujja. Sharaɗi ɗaya ne: a zo da lamba, a zo da mudun da aka auna ta.